Yadda Za Ki Wallafa Littafinki a Intanet Ba Tare da Ya Kuɓuce Miki Ba

Tun daga tsakiyar shekarun 1980, da tattalin arziki ya tsuke kuma kamfanonin ɗab'i irin su Northern Nigerian Publishing Company (NNPC) ta Zariya suka fi karkata ga littattafan makaranta, marubutan Hausa suka koyi buga littafi da kuɗin aljihunsu. Mutum ya rubuta da biro, ya kai wa mai keken rubutu, daga nan sai maɗaba'a, daga maɗaba'a sai shagunan 'yan littafi na Sabon Gari, sannan ya koma gida ya jira ciniki. Wannan ne masana suka sa wa suna adabin kasuwar Kano. Yau takarda ta yi tsada, karatun kuma ya koma cikin waya, amma asalin tsarin yana nan yadda yake: mai littafi ita ce marubuciya, ita ce edita, ita ce mai talla, ita ce akanta.

Zan yi magana da ke ne, 'yar'uwa, domin mata suka fi yawa a wannan fage, amma duk abin da na faɗa ya hau kan namiji ma. Sakin littafi a intanet ba wuya, minti biyar ya isa. Wahalar tana wurin riƙe shi bayan an saki. Abubuwa uku nake so su zauna a hannunki ko da me zai faru: asalin rubutun, hanyar isa ga masu karatunki, da kuɗin cinikinki. Kowane mataki da ke ƙasa ɗaya daga cikin ukun nan yake karewa.

Mataki na farko: ki gama littafin kafin ki karɓi sisin kowa

Al'adar da ta kafu a zaurukan WhatsApp ita ce a riƙa rubutawa ana saki, shafi ɗaya yau, ɗaya gobe. Tana da daɗi, domin sharhin masu karatu yana ƙara wa marubuciya kuzari. Illarta tana bayyana ne ranar da aka karɓi kuɗin mutane alhali labarin bai kai rabi ba. Rashin lafiya ya zo, ko haihuwa, ko jarrabawa, ko waya ta lalace, sai littafi ya tsaya cak, waɗanda suka biya su shiga cigiya, daga cigiya a koma baƙar magana. Kuɗin da kika karɓa kan littafin da ba ki gama ba bashi ne a wuyanki. Akwai kuma illa ta biyu, ta ɓangaren fasaha: idan babi na uku ya riga ya fita, ba ki da ikon komawa ki gyara shi lokacin da kika gano a babi na ashirin cewa ya saɓa da ƙarshen labarin. Haka nan matsin masu cewa "a kashe wance, a aura wa wane wance" yakan karkatar da alƙalami daga inda ya nufa.

Ki rubuta shi duka tukuna. In kina son saki kashi-kashi, ki yi hakan bayan yana ajiye cikakke a hannunki.

Kada ki yi rubutun a cikin akwatin saƙon WhatsApp. Ki yi shi a Google Docs, ko Microsoft Word, ko WPS Office, duk suna aiki a waya. Kowane babi ki ba shi kansa, kuma duk ƙarshen mako ki ajiye kwafi a wuri biyu da ba cikin wayarki ba: Google Drive, wanda yake ba da gigabait 15 kyauta, da kuma imel ɗin da za ki tura wa kanki. Ƙwacen waya da faɗawarta cikin ruwa sun cinye littattafai masu yawa waɗanda babu wanda ya taɓa karanta su. Imel ɗin yana da wani amfani kuma, domin yana ɗauke da kwanan wata, wanda zai zame miki hujja idan wata rana aka yi jayayya kan wanda ya fara rubuta labarin.

Mataki na biyu: gyara

A nan zan fi daɗewa, domin nan ne aka fi yin sakaci, kuma nan ne littafi yake samun mutunci ko ya rasa shi.

Da kin sa aya ta ƙarshe, ki rufe fayil ɗin ki bar shi ya huta kamar mako biyu. Idon da ya gama rubutu jiya ba ya ganin kuskure, abin da ke cikin kai yake karantawa. In kin dawo, karatun farko na labari ne kawai. Ki ɗauki takarda ki jera sunayen taurarinki, shekarunsu, dangantakarsu da garuruwansu, ki riƙa dubawa kina tafiya. Za ki yi mamakin yadda ƙanwar miji take sauya suna a tsakiyar littafi, ko yaron da aka haifa bara ya shiga firamare bana. Duk fitowar da za a cire labarin bai girgiza ba, ki cire ta, ko da kina son ta. Shafi uku na lissafin kayan lefe ko kwalliyar amarya ba ya matsar da labari gaba.

Karatu na biyu ki yi shi da babbar murya, musamman hirarraki. Kunne yana kama abin da ido ya tsallake. Tsohuwar ƙauye ba ta magana irin ta ɗalibar jami'a, kuma Basakkwace ba ya magana irin ta Bakano. Idan kin zaɓi ki sa karin harshe a bakin wani tauraro, ki riƙe shi daga farko har ƙarshe, amma muryar mai ba da labari ta tsaya kan daidaitacciyar Hausa.

Karatu na uku na ƙa'idojin rubutu ne. Hausar boko tana da ƙa'ida, an yi tarurruka a kanta, har da na Yamai a 1980 wanda ya nemi daidaita rubutun Najeriya da na Nijar. Abu na farko shi ne haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Ba ado ba ne. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. "Ba ta zo ba" daban, "ɓata" daban. Ki shiga saitin Gboard, wato allon rubutun waya na Google, ki ƙara harshen Hausa, haruffan za su samu. In kuma kin riga kin rubuta littafin da k', d', b', ki yi amfani da wurin nema da sauyawa na manhajar rubutunki, ki juya kowanne a bugu ɗaya. Wadda ta rubuta q a madadin ƙ ita ma haka za ta yi. Amma wadda ta bar su k, d, b zalla, sai dai ta bi kalma-kalma, babu gajeriyar hanya.

Sai rabawa da haɗawa, inda kusan kowa yake tuntuɓe. Ana haɗa yana, tana, suna, muna, haka ma yake, take, suke. Ana raba za ta, za su, za mu, amma zan da zai a haɗe suke. Mallaka tana manne da sunan: gidansa, littafinta, mahaifiyarmu. Wakilin sunan da aiki ya faɗa wa yana tsayawa shi kaɗai: ya gan shi, ta ba ni, sun kira mu. Shi ne, ita ce, su ne, duk a rabe. "A kan tebur" a rabe, "akan yi ruwa a watan Agusta" a haɗe. Gajerce-gajercen hira irin su xan, ngd da wlh ki bar su a hira. Turancin da ya cika bakin taurari ma ki tace shi. Wanda halin tauraron ya buƙata ya zauna, saura ki mayar Hausa, domin mai karatu a Maraɗi ko Damagaram Faransanci ya yi a makaranta, kuma shi ma kuɗinsa zai biya.

Bayan kin yi iya yinki, ki ba mutum biyu ko uku su karanta. Kada ki zaɓi masu cewa "ya yi daɗi, Allah ya ƙara basira" kawai. Ki tambaye su takamaimai: a ina kuka ji kamar ku ajiye? Wane tauraro ne bai gamsar da ku ba? Me ya rage ba ku gane ba? In da hali, ki biya wanda ya karanci Hausa ya yi miki dubawar ƙarshe. Sassan koyar da Hausa a Jami'ar Bayero, Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo suna yaye irin waɗannan mutane kowace shekara, haka ma kwalejojin ilimi, kuma a rassan ƙungiyar marubuta ta ANA za a nuna miki masu wannan aiki. Ku yi ciniki a rubuce: nawa ne, yaushe zai gama, da sharaɗin ba zai tura wa kowa ba. Ki fara ba shi babi ɗaya ki ga hannunsa kafin ki miƙa duka.

Mataki na uku: tsara shafi don waya

Mai karatunki a waya zai karanta, sau da yawa ƙaramar waya mai ƙaramin wuri. Kuskuren da aka saba yi shi ne a bar shafi a girman A4 a mayar da shi PDF, sai rubutu ya fito mitsi-mitsi, mutum ya yi ta ja da yatsa hagu da dama har ya gaji. Ki sauya girman shafin zuwa A5, ki rage faɗin gefuna, ki sa girman rubutu 13 ko 14, ki ɗan buɗa tsakanin layuka. Ki zaɓi salon harafin da ya san haruffanmu, kamar Charis SIL, Gentium ko Noto Serif, dukkansu kyauta ne. Wasu salon ba su da ƙ da ɗ, sai su aro daga wani, harafin ya fito bambarakwai a tsakiyar kalma, ko ya zama ɗan akwati.

Fayil iri biyu ake yi. PDF yana riƙe shafi yadda kika tsara shi, kowa kuma ya san yadda ake buɗe shi. EPUB shi kuma rubutunsa yana bin girman allon mai karatu, yana iya ƙara girman harafi yadda yake so, kuma shi manyan shagunan littafi na intanet suke karɓa. Google Docs yana sauke fayil a matsayin EPUB kai tsaye. A kwamfuta kuma akwai Calibre, manhajar kyauta mai juya fayil daga wani nau'i zuwa wani. Ki sa wa kan kowane babi salon kanun da manhajar ta tanada, ba ki ƙara masa girma da hannu kawai ba, domin da shi ake gina jerin abubuwan da ke ciki wanda mai karatu zai danna ya tafi babin da yake so.

Shafukan farko su ƙunshi sunan littafi da naki, shafin haƙƙin mallaka mai alamar © da suna da shekara, gargaɗin cewa ba a yarda a yaɗa ko a karanta a rediyo ko YouTube ko a mayar fim ba sai da izini a rubuce, da hanyar da za a same ki. Godiya da sadaukarwa su tsaya a shafi ɗaya. A shafin ƙarshe ki sake sa hanyar samunki da sunayen sauran littattafanki. Ko da an saci fayil ɗin, wannan shafin zai yi miki talla duk inda ya je. Ki matse hotuna don fayil ɗin ya yi sauƙi, kada ya cinye wa mutane data. Kafin ki saki, ki buɗe shi a wayoyi daban-daban, har da mafi araha da za ki iya samu.

Mataki na huɗu: bango

A waya bango ba ya wuce girman babban yatsa, saboda haka sunan littafi ya fito ɓaro-ɓaro, hoto ɗaya ya isa, launi kada ya yi yawa. Manhajar zane ta Canva tana yin aikin, amma in ba ki da ido a zane, ki biya mai yi. Tsawon fiksel 2,560 da faɗin 1,600 shi ne awon da Amazon take ba da shawara, kuma yana zama daidai a sauran wurare. Kada ki ɗauki hoton 'yar fim, ta Kannywood ko ta Indiya, ko na wata baiwar Allah daga Instagram ki manna. Haƙƙin mutum ne, kuma 'yar mutane ba ta san labarin da aka jingina wa fuskarta ba. Akwai rumbunan hotunan da aka yarda a ɗauka kyauta, irin su Pexels da Unsplash.

Mataki na biyar: haƙƙin mallaka da lambar littafi

A dokar Najeriya, haƙƙin mallakarki yana tabbata ne daga lokacin da kika rubuta aikin, ba sai kin yi rajista ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba rubutun adabi kariya tsawon rayuwar marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa. Ma'ana littafinki dukiya ce da magada za su gada. Duk da haka, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, tana da tsarin rajista ta intanet wanda take ba da takardar shaida. Ba dole ba ne, amma ranar rigima takardar tana sauƙaƙa magana, kuma ina ba da shawarar a yi wa duk littafin da ake sa ran zai yi kasuwa.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya mai alƙaluma 13, Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne yake bayar da ita a Najeriya. Kada ki saya a hannun ɗan tsakiya, kada kuma ki yarda mai maɗaba'a ya manna miki wadda ba ki san asalinta ba. In a WhatsApp kaɗai za ki sayar, kina iya tafiya ba ita. In kina son littafin ya shiga ɗakunan karatu, shaguna, ko hannun masu nazari a jami'a, ki nema. Kowane nau'i da lambarsa: na takarda daban, EPUB daban.

Mataki na shida: ina za ki kasa kayanki?

Hanyar da aka fi bi ita ce sayarwa kai tsaye: a biya ki, ki tura fayil ko ki sa mutum a zauren waɗanda suka biya. Ribar duka taki ce, kin kuma san kowane mai saye. Wahalarta ita ce ke ce mai shago dare da rana. Ki buɗe WhatsApp Business da layi na dabam, ba wanda dangi suke kiranki da shi ba. Yana da wurin jera littattafai da farashinsu, da amsar da take tafiya da kanta, da alamomin da za ki bambance wanda ya biya da wanda bai biya ba. Ki sani zaure ɗaya ba ya ɗaukar fiye da mutum 1,024, saƙon bai-ɗaya kuma mutum 256 yake kai wa, su ma sai waɗanda suka ajiye lambarki. Telegram ya fi sakewa wajen yawan mutane, kuma yana da saitin da yake hana turawa da ajiye abin da aka saka a tasha.

Hanya ta biyu ita ce shagon intanet irin Selar, na 'yan Najeriya, inda za ki ɗora littafi, mai saye ya biya da kati ko tura kuɗi, fayil ya isa gare shi ko kina barci, su cire kasonsu su tura miki saura. Sai manhajojin karatu irin ArewaBooks, inda ake karantawa a cikin manhajar. Wattpad kuwa, wanda aka kafa a Kanada a 2006, wurin tara masoya ne. Ki sa ɗanɗano ko tsofaffin labaranki a can, ki nuna wa mutane hanyar shagonki.

Kowanne kika zaɓa, ki tuna da OkadaBooks. An kafa ta a 2013, marubutan Hausa da yawa sun zuba littattafansu a kanta, sai ga shi a ƙarshen Nuwamban 2023 ta rufe. Wadda take da asalin fayilolinta da lambobin masu karatunta ta kwashi kayanta ta koma wani wuri. Wadda ta dogara da dandalin kacokan sai ta fara tara jama'a daga farko. Dandali rumfar haya ce a kasuwa: ki kasa kaya a ciki, amma sito ya zauna a gidanki. Kafin ki ɗora littafi ko'ina, ki karanta sharuɗɗansu ki samu amsar tambayoyi huɗu: kaso nawa suke cira, yaushe suke biya, za ki iya sauke littafinki duk ranar da kika so, kuma sun hana ki sayarwa a wani wuri?

Game da Amazon, tsarinta na KDP da ya fara a 2007 ya buɗe wa marubutan duniya ƙofar wallafa littafi da kansu. Tana biyan kashi 70 cikin ɗari ga littafin da farashinsa yake tsakanin dala 2.99 da 9.99, kashi 35 ga wanda ya fita daga nan. Sai dai tana da jerin harsunan da take karɓa, Hausa kuma ba ta ciki. Ko da Turanci kika rubuta, ana cire kashi 30 na haraji daga cinikin da aka yi a Amurka, saboda babu yarjejeniyar haraji tsakaninta da Najeriya, kuɗin kuma sai bayan kimanin kwana 60 da ƙarewar wata yake fitowa. In kika shiga shirinsu na KDP Select, kin ɗaure kanki kwana 90 ba za ki sayar da littafin na waya a wani wuri ba. Ga mai rubutun Hausa, kasuwa tana Kano, Kaduna, Katsina, Yamai da zangon Kumasi, can ya kamata ƙarfinki ya tafi.

Mataki na bakwai: farashi da karɓar kuɗi

Ki fara da lissafin abin da kika kashe. A ce gyara ya ci naira 20,000, bango 10,000, data da talla 5,000, jimla 35,000. In kika sa littafin naira 500, sai mutum 70 sun saya kafin uwar kuɗi ta dawo. In 1,000 ne, mutum 35. Ki dubi yawan waɗanda suke bibiyarki da gaske, ba yawan 'yan zaure ba, domin masu karatun kyauta sun ninka masu biya nesa ba kusa ba. Littafin farko ki sassauta, suna kike saye. Farashi mai sauƙi yana rage sata ma, domin mutum ya fi jin kunyar roƙon abin da bai fi kuɗin katin waya ba.

Ki ware asusun banki na littafi kaɗai, kada ya cakuɗe da kuɗin cefane. Hoton shaidar biya ba kuɗi ba ne, ana ƙirƙirar na bogi; ki buɗe manhajar bankinki ki ga shigarsu kafin ki tura komai. Masu karatu na Nijar da sefa za su biya, yawanci ta kamfanonin aika kuɗi irin Nita da Amana, saboda haka ki samu amintacciyar wakiliya a can, ku yanke kasonta da ranar da za ta riƙa turo miki, a rubuce. Ki faɗi farashin sefa a cikin tallarki tun farko.

Sannan ki buɗe littafin ciniki, ko na takarda ne: kwanan wata, suna, lamba, gari, abin da aka biya, an tura ko ba a tura ba. Wannan jerin shi ne jarinki na gaskiya, domin wanda ya sayi na farko shi zai fara sayen na biyu. Ki nemi izininsu kafin ki riƙa tura musu sanarwa, kuma kada ki ba kowa lambobinsu. Amana ce, galibinsu matan aure ne da 'yan mata.

Mataki na takwas: fitarwa

Ki sa rana, ki fara sanarwa mako biyu kafin ta. Bango ya fara fita, sai taƙaitaccen bayani na layi biyar ko shida wanda ya nuna tauraruwa da matsalar da ta shiga ba tare da ya tona ƙarshe ba. Daga nan ki saki shafukan ɗanɗano, babi uku zuwa biyar, ki tsaya a inda zuciya take son ci gaba. Kowane ɗanɗano ya ƙare da farashi da hanyar biya. Ki roƙi marubuta 'yan'uwanki su sa miki a zaurukansu, ke ma ki yi musu in nasu ya zo. Sharhin waɗanda suka karanta ki nemi izininsu ki yaɗa. Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki jawo kasuwa da batsa. Tana kawo ciniki na ɗan lokaci, amma ita ce ta sa iyaye da malamai da yawa suke yi wa rubutun intanet kallon banza, kuma sunan da ya ɓaci da ita yana da wuyar wankuwa.

Mataki na tara: masu satar littafi da masu zuwa da kwangila

Gaskiya ita ce babu dabarar da za ta hana sata ɗungurungum. Ko an toshe turawa, mai waya biyu zai ɗauki hoton allo. Abin da za ki iya shi ne ki sa satar ta yi wuya kuma ta yi kunya. Ki buga sunan mai saye da wani ɓangare na lambarsa a ƙasan shafukan kwafinsa. Yana cin lokaci, amma wanda ya san sunansa yana jiki ba ya saurin turawa. In kin ga littafinki a wani zaure ko shafi, ki fara ɗaukar hoton hujja, sannan ki yi wa mai wurin magana cikin mutunci, domin wasu ba su san na kuɗi ba ne. In ya ƙi, Facebook, YouTube da Google duk suna da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka, dokar 2022 kuma ta tanadi a rubuta wa mai dandali ya sauke abin da aka sata. Wanda ya mayar da abin sana'a, ki kai ƙararsa NCC. Tsinuwa da Allah-ya-isa a kan kowane shafi ba sa hana ɓarawo, masu biya kawai suke ɓata wa rai.

In littafi ya karɓu, za a zo miki: mai tashar YouTube yana son ya karanta, gidan rediyo, mai shirya fim, ko wata manhajar ƙasar waje mai alƙawarin dala. Littafi ɗaya haƙƙoƙi da yawa ne a cikinsa: na karatu a waya, na takarda, na murya, na fim, na fassara. Ki sayar da su ɗaya-ɗaya, kowanne da wa'adinsa. Wanda yake son murya, murya kaɗai za ki ba shi, na shekara ɗaya ko biyu, a tasha ɗaya da aka ambata da suna. Doka ta ce mallakawa ko ba da izini na keɓe sai a rubuce, saboda haka duk takardar da aka miƙo miki ki karanta ta a tsanake, ki nemi kalmomin da suke nufin "har abada", "duk duniya" da "kowace siga". In da Turanci take kuma ta yi miki nauyi, ki kai wa lauya kafin ki sa hannu. Kina kuma iya buɗe tasharki ki karanta da bakinki. YouTube tana fara raba kuɗin talla da mai tasha idan ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12.

Mataki na goma: in kina son ki riƙe shi a hannu

Cinikin waya shi zai gaya miki ko littafin ya cancanci takarda. Yanzu akwai injinan da suke buga kwafi 50 ko 100, ba sai kin tara dubu a ɗaki suna shan ƙura ba. Ki karɓi sunayen masu so tukuna, ki nemi farashi a maɗaba'a biyu ko uku, ki sa a buga miki kwafi ɗaya na gwaji ki duba ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai kafin a saki inji. Dokar Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ta wajabta wa mai wallafa ya kai wa ɗakin kwafi 3 cikin wata ɗaya da fitowar littafi. In kuma a Kano za ki buga ko ki sayar, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar, wadda aka kafa a 2001, tana da hurumi a kan littattafai, don haka ki je ofishinsu ki ji sharuɗɗan rajista da tantancewa kafin ki kai kaya kasuwa. Gyare-gyaren da masu karatun waya suka nuna miki ki shigar da su a wannan bugun, ki sabunta fayil ɗin intanet shi ma, ki rubuta "bugu na biyu" da shekararsa a shafin haƙƙin mallaka.